Kiɗan Ƙwarya a Cikin Akwati

Mu biyar ne a da. Huɗu suna kiɗan ƙwarya, ni ina waƙa. Fiye da shekara ashirin muka yi muna shiga gidajen biki da na suna a Gwandu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a tsakar gida inda mata zalla suke taruwa. Ba faɗa ne ya raba mu ba. Ɗaya mijinta ya koma Diggi da noma, ta bi shi. Ɗaya ta yi jinyar wata uku, Allah ya yi mata rasuwa. Ta uku ta dawo daga aikin hajji ta ce ta ajiye sanda, ba mu ga laifinta ba. Aka bar ni da mai babbar ƙwarya, wadda ta girme ni da shekara bakwai, nake ce mata Yaya ko da yake ba mu haɗa jini ba.

Mun lallaɓa mu biyu har shekara guda, muna ɗauko duk wadda muka samu ta cike gurbi. Sai sanyin ƙashi ya shiga yatsun Yaya. Da farko da safe kawai yake riƙe ta. Daga baya ya zama in ta yi kiɗan awa ɗaya, sai an ɓamɓare mata sandar daga hannu. Ni kuwa ba ni da wata sana'a. Da muryar nan na ciyar da 'ya'yana tun rasuwar mahaifinsu.

Ƙanena, autan gidanmu, yana zaune a Kalgo da matarsa da 'ya'yansa huɗu. Yana da ɗan shago a bakin titi inda ɗaliban jami'a da masu waƙar yabo suke zuwa ya ɗauki muryarsu. Ya zo gaisuwar Sallah ya tarar da ni ina ba wata mata haƙuri, ta zo gayyatar sunan jikanta, ni kuma ba ni da makaɗa. Da ta fita sai ya ce, "Adda, kiɗa yanzu ba sai da hannu takwas ba. Ki kawo mini Inna rana ɗaya tak, ta buga mini kowace ƙwarya. Sauran aikin nawa ne."

Inna yake ce wa Yaya, don ta goya shi yana jinjiri. Da na kai mata maganar sai ta taɓe baki.

"Wato a zuba ni cikin gwangwani kamar madara?"

"Yaya, ko dai wannan, ko mu zauna gida mu duka."

Ta daɗe tana murza yatsunta, sannan ta ce in faɗa masa ya tanadi ruwan zafi.

Ranar wata Asabar muka je Kalgo da ƙore huɗu a cikin buhu. Ya zaunar da ita a wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da katifa, ya kafa makirfo a gaban ƙwaryar. Ta buga babbar, ta huta, ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta buga ƙananan ɗaya bayan ɗaya, kowace da irin bugun wadda take riƙe da ita a da. Da ta zo kan ƙwaryar marigayiya sai ta tsaya, ta ce a ba ta ruwan sha. Ta sha, ta ci gaba. Har la'asar muna abu ɗaya. Ni ma na yi masa guɗa da tafi ya ɗauka.

Bayan mako biyu ya kawo mini akwatin. Bai fi farantin shayi girma ba. A fuskarsa akwai maɓallai goma sha shida na roba mai laushi, layi huɗu, kowane layi huɗu, suna kawo haske in an taɓa su. Ya ce sunansa samfula, tsohon nasa ne da ya daina amfani da shi. Ya danna ɗaya, sai ga bugun Yaya ya cika ɗakina, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, ba ya ƙarewa. Ya bayyana mini cewa ɗan guntun kiɗa ne ya yanko, ƙarshensa yana komawa farkonsa, haka zai yi ta yi har sai an tsayar da shi. Shi luf yake ce masa, ni na ce masa zagaye. A gefe kuma akwai wasu maɓallai huɗu ƙanana. In ka danna ɗaya, sai maɓallan nan goma sha shida su canja abin da ke cikinsu gaba ɗaya. Waɗannan na kira su ɗakuna.

Ya cika ɗakunan nan huɗu maƙil. Ban da ƙwaryarmu, ya ƙara gangar zamani da fiyano da wasu ƙararraki da ya ce matasa suna so. Ya jera su bisa sauri, daga mai sanyi zuwa mai zafi, ya rubuta mini sunan kowanne da lambarsa a takarda. Ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma shi ba zai shiga tsakar gidan mutane ya danna mini ba, namiji ne. Ni ce zan riƙe makirfo da hannun dama, in danna da hagu, in yi waƙa, in kuma lura da wadda ta shigo fili.

Kwana goma na yi ina gwaji a ɗaki. A ɗaki komai yana tafiya daidai, don babu mai jira na.

Bikin farko da na kai shi a Kalgo ne, gidan wata mata da na yi wa waƙa ranar nata auren, yanzu tana aurar da 'yarta. Bazara ce. Rumfar da aka kafa ba ta kai inda aka ajiye mini tebur ba, rana ta faɗo kan akwatin, hasken maɓallan ya ɓace ɗungum. Takardar na danne ta da dutse, kuma ni karatun boko sai da tabarau, sai na bi harafi harafi. Duk da haka na fara lafiya. Na yi gaisuwa, na yi yabon uwar amarya, 'yan mata suka shiga suka yi rawarsu. Mata suna ta leƙowa su ga inda ƙwaryar take.

Sai aka ce ga dangin ango sun iso. Tsofaffi ne a gaba, su bakwai ko takwas, da mayafai masu nauyi. Akwai kiɗan da muke tarbar irinsu da shi, mai natsuwa, wanda mace za ta taka a hankali ba tare da ta zubar da girmanta ba. Na san yana ɗaki na farko, layi na biyu. Na danna. Ashe ban fita daga ɗakin da nake ba. Abin da ya fito gangar zamani ce da fiyano, mai gudu kamar an koro ta. Na yi sauri na danna wani don in gyara, sai na biyun ya hau kan na farko, suka haɗu suna ta karo. Na sake dannawa, sai ga guɗata, wadda aka ɗauka a shago, ta shiga ita ma tana zagayawa, tana ƙarewa tana sakewa. Tsofaffin suka tsaya cirko-cirko a tsakiyar fili. 'Yan mata suka fashe da dariya, wasu har da riƙe ciki.

Ana cikin haka aka fara kiran sallar la'asar a masallacin da ke jikin gidan. A da, ladan yana buɗe baki hannuwa takwas suke sauka kan ƙore, wuri ya yi tsit. Yanzu ina ta laluben inda ake kashewa, gumi yana shiga idona, guɗata tana ta tashi a kan kiran salla. Wata dattijuwa daga dangin ango ta ce da ƙarfi, "Ke baiwar Allah, ba ki jin an kira salla?" Na sunkuya na fizge wayar lasifika.

Uwar amarya ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Ta kawo mini ruwa ta ce, "Sannu, abin zamani sai a hankali." Bayan salla na ƙarasa wunin da tafin hannu, 'yan mata biyu suna buga mini bokiti. Ban biya ta shagon ƙanena ba. Na shiga mota na dawo Gwandu, na tura akwatin ƙarƙashin gado.

Ya yi wata guda a can. Na ƙi gayyata uku. Ƙanena yana kira ina cewa lafiya lau, sai an kwana biyu. Ba fushi nake da shi ba. Gajiya ce irin wadda barci ba ya kawar da ita. Ina tunanin mace mai shekara kusan hamsin, wadda ta san waƙa tun kafin a haifi 'yan matan nan, a ce ta koma koyon danna roba.

Yaya ce ta zo da kanta. Labari ya riga ya kai mata, har da ƙari. Ta zauna a bakin gado ta ce in fito da shi.

"Mi kinka danna?"

Na nuna mata takardar. Ba ta karatu, sai na karanta mata yadda aka jera.

"To wa yake biki da lamba?" in ji ta. "Da muna tare, kin taɓa ce mini in buga na sha uku? Kallon ƙofa nike, in ga wadda ta shigo, in san abin da za a buga. Ki kira Auta. Ba akwatin ne da laihi ba, jerin ne ba na biki ba."

Asabar uku a jere ƙanena yana zuwa Gwandu da safe ya koma da yamma. Muna zama a zaure, shi da akwatin a cinya, ni da Yaya a tabarma. Ranar farko gardama muka sha. Yaya ta ce a fitar da fiyano da gangar zamani duka. Ya ce kwana nawa ya yi yana haɗa su, kuma yara suna so. Ta ce yaran su je shagonsa su ji. Na ga ransa ya ɓaci, ya shiga share su ɗaya ɗaya, bai sake ɗaga kai ba sai da aka kawo fura. Na so in ba shi haƙuri, amma ni ma ina bayan Yaya.

Sannan muka raba ɗakunan bisa yadda wuni yake tafiya. Ɗaki na farko na shiga da gaisuwa, daga isowata har a ci abinci. Na biyu na 'yan mata da ƙawayen amarya. Na uku na manya, uwar amarya da dangin ango da fitowar amarya. Na huɗu na suna, don kiɗansa daban ne. A kowane ɗaki kiɗa uku kawai muka sa, kowane da jerinsa daga ƙasa zuwa sama. Maɓallin ƙasa, wanda ya fi kusa da hannuna, babbar ƙwarya ce ita kaɗai. Na samansa kiɗan nan dai ne amma da ƙananan ƙore, don lokacin da rawa ta yi zafi. Na saman wannan kuma guɗa ko tafi ko juyin da ake yi in za a sauka. Layin can sama muka bar shi babu komai.

"Ɓarna ce wannan," in ji ƙanena. "Wuri sittin da huɗu, ku yi amfani da rabi?"

Na ce masa yatsana ba ya kai wa can in ina waƙa, kuma wurin da babu komai ba zai kunyata ni ba.

Ya gyara abubuwa biyu da ya ce tun farko ya kamata ya yi. Ya ɗaure kiɗe-kiɗen da juna yadda in na danna ɗaya, wanda ke tafiya zai yi shiru da kansa, ba za su sake hawa kan juna ba. Guɗa da tafi kuma ya mayar da su masu fita sau ɗaya su tsaya. Sai na roƙe shi abu na uku. Na ce ina son maɓallin kashewa ya zama babba, a wuri ɗaya a kowane ɗaki, a kusurwar ƙasa ta hagu inda ƙaramin yatsana yake kwanciya. Ya yi ta tunani, sannan ya sa wani ɗan guntun da babu sauti a cikinsa, ya ɗaure shi da sauran, in an danna shi komai ya mutu. Saboda haka ya matsar da jerin kiɗan zuwa dama. Na ɗauko ƙwayar shinkafa na ɗora a kan maɓallin, na manne da salatif, yadda ko ido rufe zan ji shi. Ƙananan maɓallan ɗakuna kuma na ɗiga musu jan farcen 'yata, ɗigo ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya bushe ya yi tudu.

Asabar ta biyu a kan kiɗa uku kacal ta ƙare. Ƙanena ya kunna na tarbar dangin ango, Yaya ta saurara ido rufe, ta ɗaga hannu.

"Wanga yana ɗingishi."

"Inna, daidai yake. Ga shi nan na auna."

"Ka auna da mi? Duk sadda ya zagayo sai ya yi tuntuɓe. Ka yanke shi kahin ya sauke numfashi."

Ya nuna mata zanen da ke ɗan gilashin akwatin, ya ce ga inda bugun ƙarshe ya tsaya. Ta ce ita ba ta ganin zane, amma bayan bugun ƙarshe akwai ɗan jira, kuma a jiran nan ne mai rawa take ɗaga ƙafa. Ya ƙara tsawonsa kaɗan, ta ce ya yi yawa. Ya rage, ta ce saura ƙiris. Ni ina zaune bayana yana ciwo, ina jin kiɗa ɗaya sau ɗari, har na daina bambance mai kyau da marar kyau. Daga ƙarshe ta tashi da ƙyar, ta taka rawar a zauren, sau biyu, sau uku, ta ce, "Yawwa. Bar shi nan." Ƙanena ya share gumi ya ce a shekarunsa na wannan aiki ba a taɓa wahalar da shi haka ba. Ta ce ai ita ma ya wahalar da bayanta da goyo.

Asabar ta uku ya daidaita ƙarfin sautin, don wani in ya fito sai jarirai su firgita, wani kuma sai an kasa kunne. Ya kwafe komai a katin memori na biyu, ya ce in ɓoye. Na ƙulle shi a leda na sa a cikin kwallar da nake ajiye takardun gida. Da zai tafi Yaya ta tambaye shi, ba da wasa ba, ko in ta mutu abin zai ci gaba da bugawa. Ya ce zai ci gaba. Ta ce to, ta nemi takalminta.

Na sake fita biki bayan an yi girbi, a Malisa, gidan manoma masu shanu da yawa. Na roƙi Yaya ta raka ni ko ba za ta taɓa komai ba, ta yarda. Wannan karon na ce a sa mini tebur a inuwar darbejiya. Ban ɗauki takarda ba. Na shiga ɗaki na farko na yi gaisuwa, aka ci tuwo, aka sha nono, na koma na biyu 'yan mata suka yi ta tsalle. Da na ga sun ɗauki zafi na hau maɓallin layi na biyu, ƙananan ƙore suka shigo, fili ya rikice da sowa. Da aka kira azahar ƙaramin yatsana ya sami ƙwayar shinkafa tun ladan bai gama kalmar farko ba. Na dubi Yaya. Tana cin goro, ba ta dube ni ba.

Bayan salla dangin ango suka zo, na tarbe su da kiɗansu, bai yi ɗingishi ba. Na fara jin kafaɗuna suna sauka. Sai aka buɗe hanya, aka rako wata tsohuwa, kakar ango ce, an ce ta haura tamanin. Jikokinta mata biyu suna riƙe da ita. Ta ture hannuwansu ta ce za ta taka wa jikanta ko sau uku ne.

Na sa mata mafi sanyin abin da nake da shi. Ya yi mata sauri. Ta ɗaga ƙafa, kafin ta sauke kiɗan ya wuce ta. Ta tsaya ta jira ya zagayo, ta sake gwadawa, ya sake barinta. Ta yi murmushi irin na jin kunya, ta fara waige tana neman jikokinta. Da mutane ne ke kiɗan, ba sai an faɗa musu ba, ƙafarta za su bi, in ta jinkirta su jinkirta. Akwatin ba ya ganin kowa. Na ja waƙar a hankali ko za ta bi muryata, sai na zama ni ma na rabu da kiɗan.

Yaya ta tofar da goron. Ta ce da wata mata da ke kusa, "Miƙo mini ƙwaryar can." Ƙwaryar nono ce, an wanke an kife a kan turmi. Ta kife ta a kan zanenta da ta ninka, ta karɓi ludayi biyu, ta ce da ni, "Kashe."

Na kashe. Ta fara bugawa, a hankali ƙwarai, idonta a kan ƙafafun tsohuwar. Babu lasifika, sai da mata suka yi shiru kafin a ji. Tsohuwar ta ɗaga ƙafa, Yaya ta jira ta, ta sauke, bugu ya sauka tare da ita. Ta taka uku, ta taka shida, ta buɗe mayafi da hannu ɗaya ta juya. Na ajiye makirfo na bi su da baki kawai, ina kiran sunayen gidansu da aka faɗa mini da safe. Wata ta rangaɗa guɗa ta gaske. Ba a fi minti biyar ba aka mayar da tsohuwar kan tabarma tana haki tana dariya.

Da na juyo, ludayin suna hannun Yaya, ta kasa buɗe yatsunta. Ni na ɓamɓare su. Na ƙarasa wunin da akwati, komai ya tafi daidai har aka fito da amarya, amma rabin hankalina yana kanta, tana zaune ta sa hannuwa a tsakanin cinyoyinta. A mota, da muka hango Gwandu, ta juyo wurina.

"Kada ki sake cewa in raka ki," in ji ta. "In na gani ba ni iya ƙyalewa, kuma hannun ba shi iyawa."

Kwana shida yatsun suna kumbure, sai 'yarta ce take ba ta abinci a baki. Na yi ta zuwa da man zafi ina shafa mata. Ban sake ce mata ta raka ni ba.

Na ba ƙanena labari, ya ce ai akwai abin murɗawa a jikin akwatin da ke rage gudu. Ya nuna mini. Na gwada, na ga sai na saki makirfo ko na daina kallon fili kafin in murɗa daidai, kuma in na wuce gona da iri sautin ƙwaryar yana komawa kamar ana buga katifa. Sai ya zauna ya yi mini wani zagayen daban, ya ja kiɗan tarbar manya ya yi sanyi sosai, muka sa shi a layin sama na ɗaki na uku, shi kaɗai. Na kai wa Yaya ta ji. Ta saurara har ya zagayo sau huɗu.

"Ba haka nike bugawa ba," ta ce. "Amma tsohuwa za ta iya takawa."

Shekara uku ke nan ina yawo da shi. Sau biyu kacal na danna wancan na sama, sau ɗaya ya dace da ƙafar mai rawar, sau ɗaya bai dace ba, na kashe muka yi da tafi. Aiki bai yanke mini ba, har ya fi na da, don yanzu mutum ɗaya ake ɗauka a mota ba biyar ba. Sai dai kayan sun fi ƙore nauyi. Ga lasifika, ga batir, ga wayoyi da kullum sai ɗaya ta kwance. In na dawo, bayana da wuyana ba nawa ba ne. Kuma duk wunin babu wadda zan kalla mu yi dariya in wata ta yi rawar da ba ta iya ba.

Kwanan baya ƙanena ya ce akwai wani sabon akwati da ya fi wannan, mai ɗakuna da yawa, mai nuna suna da manyan haruffa, zai nemo mini. Na ce ya bar shi. Ba ni da sauran ƙarfin koyon wani. Wannan ɗin hannuna ya san shi, in ya lalace sai mu ga abin da Allah zai yi.

Shekaranjiya na yi suna a unguwarmu, da aka tashi na biya gidan Yaya da ɗan naman da aka ba ni. Tana kwance a inuwa, jikarta tana yi mata fifita. Ta tambaye ni su wa suka zo, na lissafa mata. Ta tambayi ko mai jegon ta yi kyau, ko tuwon ya ji miya, ko surukar ta shiga fili. Na ce ta shiga, har ta yar da ɗankwali. Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, aka ba ta ruwa. Ina cikin ba ta labarin wata da ta zo da anko ba irin na kowa ba, na ga idonta ya rufe. Na ɗan zauna tukuna, don ƙafafuna ma ba su son tashi. Da rana ta yi sanyi na ce da jikar ta gaishe ta in ta farka, na ɗora lasifika a ka, na rataya jakar akwatin, na kama hanyar gida. Ranar Asabar ina da biki a Kalgo, kuma batir ɗin yana bukatar caji.